Tun ran gini ran zane: a bar layi ya faɗi sunansa

1/
'Yan zanen gini, 'yan injiniya, 'yan safiyo, da duk mai kwana a gaban AutoCAD saboda aikin makaranta, ku matso kusa. Yau gardamata a kan abin da muka raina ne: nau'in layi. Ni dai a ganina, ɗalibin da ya fita da digiri bai iya ƙera layin kansa ba, an tauye masa mudu. Zaren na da tsawo, ku yi haƙuri. 🧵

2/
Ga waɗanda ba fanninsu ba: a zanen gini ko na hanya, kowane layi magana yake yi. Layi miƙaƙƙe bango ne ko gefen abin da ido ke gani. Mai tsinke-tsinke na nuna abin da ke ɓoye. Mai dogo da ɗigo na nuna tsakiya. Manhajar na kiran wannan Linetype, kuma ta bar ƙofa a buɗe kowa ya ƙirƙiri nasa.

3/
Na san abin da wasu za su ce: "Haba, ana fama da tsadar data da rashin wuta, kai kana maganar ɗigo da tsinke?" To ku tsaya. Takardar da muke zanawa ba a hannunmu take ƙarewa ba. Tana ƙarewa a hannun mutumin da ke riƙe da diga, ko direban katafila. Abin da ya fahimta, shi zai haƙa.

4/
A Kakuri na tashi, don haka da ita zan yi misali. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957. DICON an kafa ta a 1964. Peugeot ta fara haɗa motoci a nan a 1975. Ga UNTL, ga Arewa Textiles, ga layin dogo. Unguwa ce da aka gina don masana'antu, kuma masana'anta ba ta rayuwa sai da ruwa, da wuta, da hanyar fitar da dagwalo.

5/
KTL ta rufe a 2002. UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Iyayenmu da yawa sun rasa aiki, wannan labari ne na wata rana. Amma ku lura da abu ɗaya: in an rufe kamfani, ma'aikata ne ke watsewa. Bututu da kebul da aka binne suna nan inda aka bar su. Wani ya mutu, wani da ransa.

6/
A saman wannan ƙasar muke ta gini. Shago, ɗakin haya, katanga, rijiyar burtsatse, sokawe. Daga Kakuri zuwa Makera, Kurmin Gwari da Nasarawa, da wuya ka wuce layi biyu ba ka ga an tara yashi ba. Kowane harsashi da aka haƙa, ana shiga cikin abin da wasu suka binne ne, an sani ko ba a sani ba.

7/
Ƙari a kan tsoffin, ga sababbi: kebul ɗin intanet na kamfanonin waya, bututun hukumar ruwa, kebul ɗin wuta daga taransifoma zuwa gida. Tun 2019 da aka fara aikin sabunta birnin Kaduna, mun ga yadda ake faɗaɗa tituna da gina lambatu. Duk aikin da ya taɓa ƙasa, sai ya gamu da abin da ke cikinta.

8/
Kun tuna ranar 28 ga Fabrairu 2024, da layukan MTN suka ɗauke na sa'o'i a faɗin ƙasa? Kamfanin ya ce kebul ɗinsa ne ya yanke a wurare da dama. Hukumar NCC da kamfanonin sadarwa sun daɗe suna kukan cewa aikin hanya da haƙe-haƙe na cikin manyan masu yanke kebul. A shekarar ne gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa.

9/
Kebul ɗin intanet in ya yanke, masu POS su yi asarar yini, mu kuma mu zo nan mu yi ta ƙorafi in ya dawo. Bututun ruwa in ya fashe, layi guda su koma sayen ruwan 'yan garuwa. Amma kebul ɗin wuta in diga ta same shi, maganar rai ake yi. Kuma ran lebura ne, mai yara a gida, ba ran wanda ya yi zanen ba.

10/
To yaya muke nuna waɗannan abubuwa a zanenmu? Da kala. Shuɗi ruwa, ja wuta, kore magudana, ruwan ɗorawa iskar gas. A fuskar kwamfuta mai baƙin bango, abin gwanin sha'awa. Mutum ya ɗauki hoto ya ɗora, a yi ta zuba masa wuta a kwamen. 🔥

11/
Sai a je bugawa. Babbar takarda mai kala tsada gare ta, don haka oga zai ce a buga baƙi da fari. In an zaɓi monochrome.ctb, duk kalolin nan sun koma baƙi ɗaya. In an bar su haka, firinta ta mai da su toka-toka: ruwan ɗorawa ma ya kusa ɓacewa.

12/
Ba a nan ya tsaya ba. A yi fotokwafi don birkila. A yi wani don mai aikin famfo. Wani ya ɗauka da waya ya tura WhatsApp, WhatsApp ya matse hoton. Takardar ta kwana a aljihu, ta sha gumi da ƙurar siminti. Kala ba ta jure wannan tafiyar. Siffar layi da rubutun da ke kansa su ne ke isa wurin aiki da ransu.

13/
Kuma kar mu manta, akwai mutanen da Allah Ya halicce su ba sa bambance ja da kore, an fi samun haka a maza. Wasu ma ba su san suna da shi ba. Ko da an buga da kala, zanen da ya dogara da kala kaɗai ya bar su a baya.

14/
Shi ya sa nake cewa a bar layi ya faɗi sunansa da bakinsa:

—— RUWA —— RUWA ——
—— · WUTA —— · WUTA ——

A yi fotokwafin wannan sau biyar, ma'anarsa na nan. A naɗe takardar, a nuna maka tsakiyarta kaɗai, ka san abin da kake kallo ba sai ka nemo jadawalin alamomi a kusurwa ba.

15/
Wannan ba sabon abu ba ne fa. Cikin layukan da manhajar ke zuwa da su akwai GAS_LINE mai rubuta GAS a jiki, akwai HOT_WATER_SUPPLY mai rubuta HW, akwai FENCELINE na shinge, akwai TRACKS na layin dogo. Amma duba da kyau: bututun ruwan zafi. An yi jerin ne da tunanin gidajen wasu ƙasashe.

16/
Mu kuma abin da ke gabanmu: lambatu buɗaɗɗe, lambatu rufaffe, bututu daga burtsatse zuwa tanki, wayar janareta, wayar sola, layin sokawe, tsohon bututun da ba a san mai shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu wani a Amurka da zai zauna ya yi mana layin lambatu.

17/
Yanzu ga yadda ake yi, don kar a ce surutu kawai na zo yi. Nau'in layi na zaune ne a fayil mai ƙarewa da .lin, kuma rubutu ne zalla. Notepad ya isa. Na manhajar su ne acad.lin na masu inci, da acadiso.lin na masu milimita. Kar ka taɓa su. Buɗe sabo, ka sa masa suna, misali kakuri.lin.

18/
Kowane layi jeri biyu ne na rubutu. Na farko: tauraro, suna, waƙafi, sai ɗan bayani. Na biyu yana farawa da harafin A, sai lambobi.

*TSOHO,Tsohon bututu __ . __ . __
A,10,-3,0,-3

Shi ke nan. Ka riga ka ƙera layi.

19/
Karatun lambobin:
Lamba haka kawai, kamar 10: alƙalami na ƙasa, ja layi mai tsawon 10.
Lamba mai alamar ragi, kamar -3: ɗaga alƙalami, bar fili mai tsawon 3.
Sifili: ɗigo.
In an kai ƙarshe, a koma farko. Wanda ya iya karanta lambar katin waya ya iya wannan.

20/
Mai rubutu a jiki kuwa ga shi:

*RUWA,Bututun ruwa -- RUWA -- RUWA --
A,15,-2,["RUWA",STANDARD,S=2.5,U=0,X=0,Y=-1.25],-13

Layi 15, fili 2, sai kalmar, sai fili 13 inda kalmar za ta zauna. In rubutun ya hau kan layi, ƙara wa 13 ɗin. In fili ya yi yawa, rage.

21/
STANDARD sunan salon rubutu ne da ke cikin zanenka. S tsayin haruffa. X na matsar da kalmar gaba ko baya. Y na ɗaga ta ko sauke ta, shi ya sa na sa rabin tsayin da ragi, don ta zauna daidai tsakiyar layi. U kuwa na hana ta kifewa: ko daga dama ka jawo layin, rubutun zai karantu.

22/
Na wuta, mu ƙara masa ɗigo don ko rubutun ya goge, siffar ta bambanta:

*WUTA,Kebul na karkashin kasa -- . WUTA --
A,10,-2,0,-2,["WUTA",STANDARD,S=2.5,U=0,X=0,Y=-1.25],-13

Wannan dabarar nake so ku riƙe: kalma ɗaya, siffa ɗaya. In ɗaya ta gaza, ɗayar ta tsaya.

23/
Ajiye fayil ɗin. Tabbatar sunansa ya ƙare da .lin, ba .txt ba, kuma ka danna Enter bayan jerin ƙarshe. A cikin manhaja rubuta LINETYPE, danna Load, danna File, zaɓo naka. Sai ka ɗora layin a kan leya ɗinsa, ba a kan kowane zane ɗaya-ɗaya ba. Duk abin da ka ja a leyar ruwa zai fito da RUWA.

24/
"Na loda amma layin ya fito miƙaƙƙe." Wannan kukan kowa ne, kuma yawanci ma'auni ne. Lambobin da na ba ku milimita ne a kan takarda. In da milimita kake zane, za ka buga 1:100 kai tsaye, sa LTSCALE ya zama 100. In da mita kake zane irin na safiyo, za ka buga 1:500, sa shi 0.5.

25/
In kuma ta shafin Layout kake bugawa, bar LTSCALE a 1, PSLTSCALE a 1, ka rubuta REGENALL. Sannan layin da ya gaza tsawon zagaye ɗaya na tsarin, miƙaƙƙe zai fito. In layinka mai lanƙwasa da yawa ne, sa PLINEGEN a 1 kafin ka ja, tsarin zai bi ta kusurwoyi ba tare da ya sake farawa ba.

26/
Wanda ba ya son rubuta lambobi, in manhajarsa na da Express Tools, akwai MKLTYPE: ka zana yadda kake so layin ya fito, ka zaɓa, ita ta rubuta maka fayil. MKSHAPE kuma na mai da ɗan zane alama. Amma ina roƙonku ku fara da hannu ko sau ɗaya ne. Ranar da abu ya lalace, wanda ya san lambobin ne zai gyara.

27/
Gargaɗi biyu. Na ɗaya: layi mai alama na dogara da fayil ɗin .shx. In ka tura zane ba ka haɗa da shi ba, alamar ba za ta fito a kwamfutar wancan ba. ETRANSMIT na tattara su wuri ɗaya. Na biyu: guji ƙ, ɗ, ɓ a jikin layi, don salon rubutun da ba shi da su zai nuna alamar tambaya. RUWA, WUTA, KWATA, WAYA duk lafiya lau.

28/
Lokacin da na je SIWES a wani ofis, na ga yadda ake yi: a ja layi, a yanka shi gunduwa-gunduwa, a rubuta harafi a kowane gibi, a kwafa har ƙarshen titi. Da aka ce bututun ya matsa mita biyu, yini guda aka kashe ana gyara, kuma wasu haruffan suka zauna a tsohon wuri suna nuna bututun da babu shi.

29/
Ba na ganin laifin masu aikin. Haka aka koya musu, haka ake koya mana: ja layi, yanke, kwafa, sa awo, buga. Ana ba da maki a kan kyan gaban gida da kalar rufi. Shafin da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ne ake yi da asubar ranar miƙawa. Alhali shi ne shafin da zai iya hana jana'iza.

30/
Yanzu ga masu ja da ni, don na san kuna nan. Na farko: "In kowa ya ƙera nasa, ai rikici za a yi. Layin wuta na wannan ya zama na ruwa a wurin wancan." Wallahi wannan gaskiya ce, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi. Zane harshe ne, harshen mutum ɗaya kuwa sambatu ne.

31/
Amsata: abin da duniya ta riga ta daidaita, kar a taɓa. Layin tsakiya, layin ɓoye, layin yanka, ƙa'idar ISO 128 ta gama da su. Inda muke da aiki shi ne wurin da jerin ya yi shiru. Kuma a can ma, fayil ɗaya ya kamata aji guda su yi amfani da shi. Daga aji sai sashe. Daga sashe sai gari.

32/
A Amurka, kafin ka haƙa rami kana kiran lamba 811, masu bututu da kebul su zo su yi alama a ƙasa da kalolin da kowa ya sani. A Ingila suna da ƙa'idar PAS 128 tun 2014 kan binciken abin da ke binne. Wannan sai da hukuma da kuɗi. Amma fayil na rubutu mai jeri talatin fa? Ko ƙungiyar ɗalibai za ta iya.

33/
Abin da nake so in gani: KASUPDA mai ba da izinin gini, da KADGIS mai riƙe bayanan filaye tun 2015, su zauna da rassan ƙungiyoyin injiniyoyi, masu zanen gini da safiyoyi na Kaduna, su fitar da fayil ɗin .lin guda. A ɗora a shafi, kowa ya sauke kyauta. Duk zanen da ya shigo, harshe ɗaya.

34/
Na biyu: "Me ya kawo Hausa? Turanci ne harshen ofis, kuma Kakuri ta kowa ce." Haka ne. Akwai Gbagyi, Bajju, Atyap, Tibi, Ibo, Yarbawa, masaƙu sun tara kowa. To ku je inda ake zuba dakin ku saurara. Da wane harshe ake cewa a ƙaro ruwa, a miƙo shebur? Mafi yawan lokaci da Hausa ne, ko da babu Bahaushe a wurin.

35/
Don haka a yi biyu. Zanen da za a kai hukuma ya tafi da Turancinsa. Kwafin wurin aiki ya fito da RUWA da WUTA, jadawalin alamomi kuma da harsuna biyu. Da yake layin a kan leya yake, sauyawa daga wannan zuwa wancan aikin minti ɗaya ne. In ma'aikatanka wani harshe suka fi ji, rubuta da shi. Dabarar ɗaya ce.

36/
Na uku: "Wani leburan ai ko boko bai karanta ba." Shi ya sa na ce kalma da siffa tare. Mutumin da ke gane kuɗi da lambar waya zai gane cewa layi mai ɗigo haɗari ne, in an nuna masa da safe kafin a fara. Kuma a kowane wurin aiki akwai mai karatu ko ɗaya ne. Kalma mai haruffa huɗu ba jarrabawa ba ce.

37/
Na huɗu: "Duniya ta koma Revit, kai kana Notepad." Ku koyi Revit, nima ina koyo. Amma taswirar safiyo, zanen titi da na lambatu, mafi yawa a fayil ɗin DWG suke yawo a tsakaninmu. Kuma kowace manhaja ka yi amfani da ita, ƙarshenta takarda ce a hannun mai diga. Tambayar ba ta canza ba: ya gane ko bai gane ba?

38/
Na biyar, mai zafin: "Layi mai suna ba zai nuna bututun da ba wanda ya san da shi ba." Gaskiya. Layi ba ya duba. Sai an tambayi hukumar ruwa da kamfanin wuta, an tambayi dattawan layi, an yi ɗan ramin gwaji da hannu. Amma abin da aka gano, a ina za a ajiye shi? A ƙwaƙwalwar wani dattijo, ko a zane?

39/
Nan ma layi na da amfani. A yi ɗaya na abin da aka gani da ido aka auna. A yi wani, mai alamar tambaya a jiki, na abin da aka ji a baki kawai. Mai haƙa ya san inda zai saki katafila da inda zai koma shebur. Zana zato kamar tabbas, wannan ha'inci ne ko da ba da gangan ba.

40/
Tsoffin ma'aikatan masaƙu da suka san ta inda kowane bututu ya bi suna ta tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansu. In akwai irinsu a gidanku ko a layinku, ku zauna da su da takarda da biro. Aikin ƙarshen karatu ne mai kyau ga ɗan safiyo ko ɗan tsara birane, kuma unguwa za ta amfana.

41/
Maganar kuɗi: Autodesk na ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, ana sabuntawa muddin kana makaranta, sai dai ka nuna shaidar ɗalibta. Fayil ɗin .lin kuma bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Ko ranar da data ta ƙare, ana tura shi ta Bluetooth.

42/
Aikin gida, 'yan'uwa maza da mata:
1. Kwafi layukan nan na sama, ka loda.
2. Ƙara KWATA da WAYA da kanka.
3. Buga baƙi da fari, yi fotokwafin fotokwafi.
4. Miƙa wa birkila ko mai aikin famfo a layinku, kar ka yi bayani, ka tambaye shi me ya gani.

43/
Amsar da ya ba ka ita ce makinka na gaskiya. In ya ce wannan ruwa ne, wannan wuta, ka ci. In ya juya takardar sama da ƙasa yana kallonka, koma ka gyara lambobi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mu a fanninmu ma zanen ne ke riga ginin, don haka uzurinmu ya fi na kowa ƙanƙanta.

44/
'Yan Kadpoly, KASU, ABU da sauran makarantu, ku ajiye naku a ƙasan wannan zaren. Mu tattara, mu yi gardama a kan sunaye, mu fitar da fayil ɗaya kafin ƙarshen zango, mu kai wa malamanmu. Wanda layinsa ya ƙi fitowa ya manno jeri biyun a nan, za mu duba tare. Ku tura wa wakilin ajinku. Allah Ya tsare masu haƙa, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. 🤲